Karena da Karen Ƙanena

Ni aka fara ba zaɓi, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau. Da ƙanena ne ya riga ni ɗauka, da na sami wanda zan ɗora wa laifi. To ni ne na miƙa hannu da kaina, a gaban mutane, na ɗauki wanda na ɗauka.

A wajenmu, can cikin Nariya, ba a sayar da kare. Malamai sun hana cin kuɗinsa, saboda haka in karyar wani ta haihu, sai dai ka je da ɗan goro ka roƙa. Shekarar da mahaifinmu ya rasu, sarkin farautar unguwarmu, wanda abokinsa ne tun suna samari, ya aiko a kira mu ni da ƙanena. Karyarsa ta haifi biyar, uku sun riga sun sami iyayen gida, saura biyu, duka maza. Ya ce, "Ni da babanku muka tashi muna bin daji. Ba zan bar gidansa babu kare ba. Kai ne babba, zaɓi."

Ɗaya baƙi ne, ƙato, mai faffaɗan dagi, yana ture ɗan'uwansa daga bakin kasko. Ɗayan kuwa ja ne, siriri, haƙarƙari duk a waje, ya rakuɓe a jikin danga kamar wanda aka yi wa faɗa. Wa zai tsaya shawara? Na cafki baƙin ta ƙeya na ɗaga shi. Tsohon ya dube ni, ya dubi jan, ya ce, "To." Ƙanena ya tuɓe hularsa ya sa jan a ciki, muka kamo hanyar gida, ina ta yi masa tsiya cewa ya tanadi ƙyallen da zai binne abinsa kafin sati.

Bari in faɗi ko wane ne ƙanen nan nawa. Shekara uku na ba shi. Ni aka kai makaranta, ni na zama malamin firamare a Kibiya, ni ke da babur, ni ake kira in za a rubuta wasiƙa. Shi ko bai wuce allo ba, magana ma sai ka ja ta daga bakinsa. Amma duk abin da ya taɓa sai ya yi albarka. Gonar gado ɗaya aka raba mana, kunya ɗaya ce tsakani, amma dawarsa ta fi tawa kai duk shekara. Tun muna yara haka yake, kuma tun muna yara nake jin abin a maƙogwarona. Na iya haɗiye shi dai, har karnukan nan suka girma.

Gida ɗaya muke, kowa da sashensa, karnukan kuma a bayan gida suke kwana, don Inna ba ta yarda kare ya taka mata tsakar gida ba. Nawa a gindin tsamiya, nasa a gindin marke, tsakaninsu bai fi taku talatin ba. Da igiyar rama muke ɗaure su, irin wadda mahaifinmu yake tufkawa da hannunsa. Shi kuwa ba ya wasa da igiya. Duk yaron da ya kwance akuya ya yar da igiyar a ƙasa har gara ta taɓa ta, ranar zai sha tsumagiya. Sai ka naɗe ta a gwiwar hannu, ka ɗaure ta a tsakiya, ka rataye a reshe. Ni da ƙanena mun sha duka a kan wannan har ya shiga jininmu.

Ranin farko da muka fita da su, na gane ma'anar "to" ɗin tsohon nan. Jan karen nan ba ya haushi, ba ya rawar kai. Zai sa hanci a ƙasa ya yi shiru, sai kawai ka ga ƙura ta tashi, kafin ka ɗaga kerenka na jifa ya dawo da zomo a baki, ya ajiye a gaban ƙanena bai ko huda fatar ba. Gafiya a rami, damo a kan dutse, zabon daji da ya yi jinkirin tashi, babu wanda ya bari. Nawa fa? Ci kamar gara, ga haushi, ga jiki, amma in zomo ya tashi sai ya yi gudu kaɗan ya tsaya yana haki. Gwanintarsa ɗaya ce: ya jira wani kare ya kama, shi kuma ya je ya ƙwace da faɗa. Sau nawa ana riƙe ni da masu karnuka a daji saboda shi.

Makaɗin farauta ya saka jan karen a kirari. Samari suka ɗauke shi a waya yana bin gada a gindin duwatsun Rurum, hoton ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Wata rana a kasuwar Rano ina cinikin taki, mai shagon ya ƙura mini ido ya ce, "Malam, ba kai ne yayan mai jan karen nan ba?" Ni. Shekara goma sha ina koya wa 'ya'yan mutane karatu, ashe sunana a duniya yayan mai jan kare. Na bar masa takinsa na fita.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne ladabinsa. Duk ranar da aka dawo daga daji, sai ya aiko da cinya sashena, wai rabon Yaya. Matata ta dafa, yara su ci su lashe hannu, ni kuwa naman ya tsaya mini a wuya. Ita ma ba ta raga mini ba. Takan ce, "Maigida, naka karen azumi yake yi a daji ne?" In na harare ta ta yi dariya ta shige ɗaki. Ita wasa take yi. Ni kuwa hassada nake yi, gara in kira abin da sunansa. Ina kwana da ita ina tashi da ita, a kan kare.

Da suka shekara uku, baƙin ya ƙara lalacewa. Ya yaga kunnen akuyar maƙwabcinmu, ya kori yara daga bakin rijiya, kuma duk inda ya hangi jan sai gashin bayansa ya miƙe. Wata la'asar, mun fito daga masallaci muna zaune a dakali, ladan yana nan, maƙwabcin nan mai akuya yana nan, sai ƙanena ya matso ya durƙusa kusa da ni.

Ya ce, "Yaya, don Allah a riƙa ɗaure baƙin nan har da rana. Ya fara cizo. Jiya ma ya biyo nawa har bakin rijiya, da ƙyar na raba su. Ina tsoron abin da zai faru."

Na ce, "Yaushe ka girma har kake koya mini riƙon kare?"

Ya ce, "Ba koyarwa ba ce, Yaya. Roƙo ne."

Ladan ya ce gaskiya yaron ya faɗa, mai akuya ya gyaɗa kai. Na tashi na kaɗe riga na tafi. Amma na ɗaure shi, don ba na son a kai ni gaban mai unguwa a kan kunnen akuya.

A ranin ne aka shirya babbar farauta a duwatsun Rurum Tsohon Gari, mu da mafarautan Tarai. Irin wannan fitar ba nama kaɗai ake nema ba, suna ake nema. Duk unguwa maganar ɗaya ce, bana jan kare zai kunyata mutanen Tarai. Ƙanena har wani sabon abin wuya na jar fata ya sa baduku ya ɗinka masa. Ni babu wanda ya tambaye ni ko zan je.

Al'adarmu, kwana biyu kafin babbar farauta ana ɗaure karnuka a rage musu abinci, don su fita da yunwa da zafin nama. Saboda haka jan, wanda kullum a sake yake da rana, aka ɗaure shi a gindin marke da gajeriyar igiya. Nawa ma na rage masa ƙanzo kamar kowa.

Ana gobe farautar ranar kasuwa ce. Da hantsi maza duk sun watse, ƙanena ya tafi kai wa maƙeri barandaminsa na farauta, mata suna ciki suna daka. Na turo babur ta bayan gida. Jan yana kwance ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, sabon abin wuyan yana sheƙi. Da ya gan ni ya kaɗa mini wutsiya, don ya san ni, ni ma ɗan gida ne. Baƙin kuwa yana ta jan igiya yana gurnani, idonsa a kan marke.

Na tsaya na daɗe. Abin da na gaya wa kaina shi ne, cizo ɗaya a ƙafa, shi ke nan. Ya yi ɗingishi na sati, farauta ɗaya ta wuce shi, mutane su huta da zancensa, ni ma in huta. Wallahi iyakar abin da na nufa ke nan, ko da yake na san karena, na san yunwar kwana biyu, kuma na ga gajartar igiyar da ke wuyan jan. Na sunkuya na kwance ƙullin. Ban tsaya na gani ba. Na hau babur na ba shi wuta har Rano.

A kasuwa ban sayi komai ba. Na zaga layin hatsi, na zaga layin 'yan tumaki, na zauna wajen mai shayi na bar shayin ya huce. Wajen azahar waya ta yi ƙara, matata ce. Ta ce, "Maigida, ka dawo gida. Karenka ya kashe na ƙaninka."

Da na iso, mutane sun taru a bayan gida. Ƙasar gindin marken duk ta tone, zagaye guda, daidai inda igiyar ta ba shi damar kaiwa. Bai sami wurin gudu ba, shi da duk Rano da Kibiya babu karen da ya kai shi gudu. Mata sun ji kukan, amma wace ce za ta shiga tsakanin karnuka biyu? Kafin a kira maza an gama. Ƙanena yana tsugune, ya rufe shi da buhu, ya cire abin wuyan yana riƙe da shi. Ya ɗago ya ce, "Yaya, sannu da dawowa."

Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kafin kunya ta zo, kafin tsoro, wani sanyi na fara ji a ƙirjina, irin na wanda ya sauke kaya. Bai daɗe ba, amma ya zo. Sannan na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce tsinkewa ya yi, ai da safe na bar shi a ɗaure. Ƙanena ya ɗauko fartanya ya haƙa rami a nan gindin marken, ya ƙi yarda kowa ya taya shi.

Washegari aka yi farautar ba mu. Mutanen Tarai suka kwashe nama suka kwashe suna, har makaɗinsu yana tambaya ina jan karen da ake faɗa. Mafarautanmu suka dawo rai a ɓace. Ba ƙanena ne ya kai ƙara ba, sarkin farauta ne da kansa ya je wurin mai unguwa, ya ce karen nan ba na mutum ɗaya ba ne, na unguwa ne, kuma shi ya ba da shi, ba zai yi shiru ba.

Aka tara mu a zauren mai unguwa bayan la'asar. Zauren ya cika har waje. Ladan yana ciki, mai akuya yana ciki, su da suka ji roƙon ƙanena a dakali. Mai unguwa ya ce shi ba ya son magana ta wuce nan ta je wurin dagaci, balle kotu a Kibiya, 'yan uwa biyu ciki ɗaya a kan kare. Ya juya wurin limaminmu, tsohon malamin da dukanmu muka yi allo a gabansa, ya ce, "Allah gafarta Malam, me shari'a ta ce?"

Ni da na shiga zauren da ƙwarin gwiwata. A zatona kare ba dukiya ba ne, tunda ba a sayar da shi, me za a biya? Malam ya rushe mini wannan tun a farko. Ya ce karen da aka ajiye don banza ba shi da ƙima, amma na farauta da na kiwo da na tsaron gona an yi izinin ajiye su, kuma ko da ba a cinikinsu, wanda ya halaka su sai ya biya ƙimarsu, masana farauta su ne za su ƙiyasta. Ya ce ita dabba ba ta da hankali, ba a tuhumarta, mai ita ake tambaya. Kuma tambaya biyu ce. Ta farko, shi ya sake ta da hannunsa? In haka ne, kamar shi ya yi ɓarnar. Ta biyu, in kuɓucewa ta yi, an san ta da cizo, kuma an taɓa yi masa gargaɗi a gaban shaidu? In an yi, to sakacinsa ne, ya biya. In ba a yi ba, ƙaddara ce, sai haƙuri.

Ba biyan ne ya dame ni ba. Da na sayar da tunkiya na biya. Abin da nake tsoro shi ne a tashi daga zauren nan an san abin da na yi, malamin makaranta, babban wa, ya saki kare a kan na ƙaninsa saboda baƙin ciki. Da wane ido zan shiga aji?

Malam ya dube ni. "Kai ka sake shi?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, tsinkewa ya yi."

Sarkin farauta ya ce, "Ina igiyar? In tsinkewa ta yi, ai za a ga guntunta a jikin tsamiya."

Gaskiya tun ranar ban sake tuna igiyar ba, ban ma san inda take ba. Na ce ta ruɓe ne daga wajen ƙullin, ya ja ta ya shiga daji da ita, can ta faɗi. Tsohon ya dube ni irin kallon da ya yi mini ranar da na zaɓi kwikwiyo.

Malam ya juya wurin ƙanena. "Kai kuma, ka taɓa yi wa yayanka gargaɗi a kan karen nan, a gaban mutane?"

Na sunkuyar da kai. Shaidu biyu suna zaune, taku uku daga inda nake. Kalma ɗaya ta ishe shi.

Ƙanena ya ce, "Allah gafarta Malam, ni ban isa in yi wa Yaya gargaɗi ba. Mun dai taɓa hira a kan karnuka, kamar yadda kowa yake yi. Ni ba na bin sa komai."

Ladan ya buɗe baki, ƙanena ya dube shi, ya mayar ya rufe. Mai akuya ya kama tsintar zare a jikin rigarsa. Malam ya daɗe yana kallon ƙanena, ya san abin da ake ciki, ai ba yaro ba ne. Daga baya ya ce tunda mai haƙƙi ya ce ba ya bi, magana ta ƙare. Mai unguwa ya ƙara da cewa baƙin karen dai ba zai sake kwana a unguwa ba. Kwana biyu bayan haka na kai shi wata ruga na ba wani Bafulatani, ya ce zai yi masa tsaron shanu.

Kowa zai ce na fito daga zauren nan ina godiya. Ina fa. Muna fitowa dattawa suka kewaye shi, wannan ya dafa kafaɗarsa, wancan ya ce Allah ya yi maka albarka, ɗan halak, haka babanku yake. Ni na tsaya a gefe ina neman takalmina. A da da kare ya fi ni, yanzu na kashe karen ya koma ya fi ni da hali, kuma wannan babu igiyar da zan kwance masa. Na tafi gida ina jin haushinsa fiye da ranar da mai taki ya kira ni yayan mai jan kare.

Bayan kamar sati guda, da safe ina zaure ina goge babur zan tafi makaranta, ya yi sallama ya shigo. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, ya tambayi kwanan yara. Sannan ya zaro wani abu daga cikin rigarsa ya ajiye a kan tabarma.

Igiyata ce. Lafiyarta ƙalau, babu inda ta tsinke, babu inda haƙori ya taɓa. An naɗe ta a gwiwar hannu, an ɗaure ta a tsakiya.

Ya ce, "Yaya, ga igiyarka. A reshen tsamiya na same ta ranar, kafin mutane su taru. Na ga kada a bar ta a waje."

Sai a lokacin na tuna. Na kwance kare, hankalina yana kan marke, hannuna kuwa ya yi abin da aka koya masa, ya naɗe ta tsaf ya rataye don kada gara ta ci. Sabo turken wawa. Ashe da igiyar nan a hannunsa ya haƙa ramin, da ita ya zauna a zauren mai unguwa yana jin ina cewa ta ruɓe.

Bai jira in ce komai ba. Ya ce zai leƙa gona, ya tashi ya fita.

Shekara shida ke nan. Bai sake ajiye kare ba, kuma bai sake fita farauta ba. Sarkin farauta, kafin ya rasu, sau biyu yana aiko masa da kwikwiyo yana mayarwa. In aka tambaye shi sai ya ce gwiwa ce ta fara damunsa. Kullum da safe shi yake fara zuwa gaishe ni, bai fasa ko sau ɗaya ba, kuma bai taɓa tayar da zancen ba. Ni ma ban taɓa ba. Igiyar tana nan a ƙusa a bayan ƙofar ɗakina, a naɗe yadda ya kawo ta. Matata ta sha tambayata a ba ta ta ɗaure akuya, in ce mata ta nemi wata.